Yis da gubar dalma: kada mu kashe ƙararrawar da dabbobi ke buga mana

Yau ba bitar sabuwar waya na kawo muku ba, ko da yake waya ce ta jawo maganar. Makon jiya wani abokina da muka yi sakandare tare a Ƙanƙara ya turo saƙon murya na minti huɗu a zaurenmu na WhatsApp. Ba muryarsa ba ce, irin saƙon nan ne mai alamar an tura shi sau da yawa. Mai maganar ya yi sallama, ya yi salati, sannan ya ce Turawa sun gano cewa yis, wannan dai da ake kwaɓa fanke da burodi da shi, yana maganin gubar dalma a jikin dabbobi. Wai duk wanda akuyarsa ko saniyarsa ta ci gubar, ya jiƙa leda biyu a ruwan ɗumi ya ɗura mata, shi ke nan. Ya rufe da roƙon a yaɗa saboda Allah. Kafin la'asar na ga saƙon a zaure uku, har da na danginmu na Faskari, inda kusan kowane gida ke da abin kiwo.

Da ƙarya ce zalla da ban damu ba, irinta kan mutu da kanta. Matsalar ita ce akwai bincike na gaske a ƙarƙashin wannan magana, an dai ɗauko shi ne an sa masa rigar da ba tasa ba.

Ga abin da aka yi. A watan Yunin 2022 wasu masu bincike a jami'ar MIT da ke Amurka, cikinsu har da Patritsia Stathatou da Christos Athanasiou, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da yis. Sun wanke shi, suka busar da shi har ya daina aiki, sannan suka zuba shi a ruwan da ke ɗauke da dalma 'yar kaɗan, ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan. Suka ga giram 1 na busasshen yis na iya kama dalmar da ta kai miligiram 12, kuma cikin mintuna biyar ya gama aikinsa. Yadda abin yake ba sihiri ba ne. Kowace ƙwayar yis tana da bango a jikinta, kuma a kan bangon akwai wasu gurabe masu cajin lantarki da ke jawo dalmar da ta narke a ruwa su riƙe ta, kamar yadda mayen ƙarfe ke tsince allura a cikin yashi. A 2024 masu binciken MIT da na Georgia Tech suka ƙara gaba, suka kulle yis ɗin cikin wasu 'yan ƙwallaye masu laushi da ruwa ke ratsawa, domin a iya yin matatar ruwa da shi ba tare da yis ɗin ya bi ruwan ya fita ba.

Aiki ne mai kyau, ni kaina ya burge ni. Amma ka lura da abin da aka gwada: ruwa ne a cikin kwalba. Babu saniya, babu akuya, babu tumbi.

An yi wasu gwaje-gwajen da suka fi kusa da ciki. A China an ba ɓerayen ɗakin bincike wasu ƙwayoyin bakteriya irin na kindirmo tare da dalma, aka ga dalmar da ta shiga jininsu ta ragu. A 2014 kuma aka wallafa wani gwaji da aka yi a Mwanza ta ƙasar Tanzaniya, inda aka riƙa ba mata masu juna biyu da yara 'yan makaranta yogot mai irin waɗannan ƙwayoyi. Ya taimaka wa matan a kan makuri da asenik, amma bai nuna irin wannan tasiri a kan dalma ba. To ka ji inda ilimin ya tsaya: akwai alamar cewa ƙwayoyin halitta na iya rage abin da hanji ke tsotsa. Daga nan zuwa "jiƙa leda biyu ka ɗura" tafiya ce mai nisa ƙwarai.

Abin da ya faru a garken baffana

Dalilin da ya sa na kasa yin shiru shi ne na taɓa ganin abin da idona. Shekaru kaɗan da suka wuce, a ƙauyen baffana can ɓangaren Faskari, wani matashi yana da shagon cajin waya da ke aiki da sola. Batirinsa ya mutu, ya sayi sabo, ya jefar da tsohon a bayan shago. Yara suka fasa shi don su ciro dalmar ciki su sayar wa 'yan gwangwan, suka bar ɓaraguzan a wurin da dabbobi ke bi in za su rafi. Bayan kwana biyu ko uku maruƙan baffa guda biyu suka canza. Ɗaya ya riƙa tafiya yana karo da danga kamar ba ya gani, yana cizon haƙora, miyau na zuba. Ɗayan ya je ya kafa kansa a jikin bango ya ƙi motsi, daga baya ya faɗi yana shure-shure. Wasu suka ce maciji ne, wasu suka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka yi tofi. Ɗaya ya mutu da asuba. Ɗayan aka yi maza aka yanka kada ya yi mushe, aka raba naman, kayan ciki kuma aka yi farfesu. Ni ma na sha romon.

Sai da wani malamin dabbobi ya zo yin allurar rigakafi makonni bayan nan, baffa ya ba shi labari, ya tambaya ko akwai tsohon batir a kusa. Aka kai shi bayan shagon. Bai ce komai ba sai girgiza kai. Makanta, kafa kai a bango, cizon haƙora, miyau da jijjiga, duk alamomin da ke rubuce ne a littattafan likitocin dabbobi game da gubar dalma a shanu, kuma a duniya baki ɗaya tsohon batir na cikin manyan abubuwan da ke jawo ta. Shanu na son lasar abin da suka tarar, musamman maruƙa da dabbar da jikinta ke ƙishin gishiri. Fiye da rabin nauyin batirin mota ko na sola dalma ce. Batir ɗaya da aka fasa ya isa ya kashe shanu da yawa.

Yanzu ka ƙaddara wannan saƙon murya ya riga ya iso ƙauyen a lokacin. Da an ɗura wa maruƙan yis. Da ya yi musu me? Dabbar da ta riga ta makance, dalmar ta bar hanjinta ta shiga jini ta kai ƙwaƙwalwa. Yis ba ya shiga jini, iyakarsa cikin ciki, ya bi kashi ya fita. Abin da likita ke amfani da shi a irin wannan hali allura ce ta wani sinadari da ake kira kalsiyam EDTA, wanda ke kama dalmar a jiki ya fitar da ita ta fitsari, tare da bitamin B1, wani lokaci kuma da gishirin Epsom ta baki domin rage abin da ya rage a ciki. Ko da waɗannan ma, ba kowace dabba ke tashi ba. Kuma mai saƙon bai faɗa muku cewa in aka haɗa yis mai rai da sukari ko fulawa aka ɗura wa dabba da yawa, kumburin ciki na iya gamawa da ita kafin dalmar ta gama ba.

To a matsayin rigakafi fa, a riƙa zubawa a dusa kullum? Nan ne maganar ta fi ƙarfi, domin dama ana sa yis a abincin shanu da na kaji a manyan gonaki, kuma ana sayar da ɓawon yis don kama gubar rumar hatsi a cikin abincin dabbobi. Saboda haka na buɗe kalkuletar wayata na yi lissafi. A wasu gidajen Zamfara a 2010 an auna ƙasar da dalmar cikinta ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, wato kashi 10 cikin 100 na ƙasar dalma ce. Giram 10 na irin wannan ƙasa, kusan cokali ɗaya, na ɗauke da miligiram 1,000 na dalma. Raba da 12, ka sami giram 83 na yis. Saniyar da ke kiwo da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare tana kalar ƙasa, tana iya haɗiye ɗaruruwan giram na ƙasa a yini. In ka ɗauki giram 300, kana buƙatar kilo 2.5 na yis kowace rana. Wannan ita ce ƙasa mafi muni, to mu sassauta: ƙasar da ke da kashi 5,000 cikin miliyan za ta ci giram 125 a yini. Babban ƙullin yis na giram 500 zai yi wa saniya ɗaya kwana huɗu. Je ka tambayi kuɗinsa wurin masu kayan burodi a Funtua, ka ninka da yawan garken.

Kuma wannan lissafin na yi wa yis alfarma ne, don na ɗauka zai yi aiki a ciki kamar yadda ya yi a ruwa mai tsabta. Cikin dabba cike yake da kalsiyam da ƙarfe da sauran sinadarai masu neman gurbi ɗaya da dalmar a jikin yis ɗin. Bayan tumbi kuma abincin zai wuce ɗaki na huɗu na cikin saniya, inda asid ke da ƙarfi, kuma sananne ne cewa irin wannan riƙo yana yin rauni in tsami ya yi yawa. Ko da ma ya riƙe ta har ta fita, ina ta tafi? Tana cikin kashin dabbar. Mu kuwa kashin dabba taki ne. Za mu kwashe shi a amalanke mu kai gonar masara, ko ya bushe a tsakar gida inda yaro ke rarrafe. Dalma ba ta ruɓewa, wuta ba ta kashe ta, tafasa ruwa ba ya kore ta. Wuri kawai ta canza.

Agwagin Zamfara

Amma duk wannan ba shi ne babban abin da nake tsoro ba. Abin da nake tsoro shi ne ranar da yis ko wani abu makamancinsa zai yi aiki rabi da rabi, dabba ta daina nuna alama alhali gubar na nan a ƙasa.

Bari in yi muku misali da sana'ata. Lokacin da nake koyon rubuta manhaja a tsohuwar kwamfutar yayana, babu malami sai bidiyon YouTube da nake saukewa da datar dare, na gano wata dabara da na ɗauka wayo ce. In shirin ya tsaya ya fito da jan rubutu, sai in kewaye wurin da umarnin da ke cewa in kuskure ya faru ka yi shiru ka wuce. A Python kalmomi biyu ne, except da pass. Na yi wa wani mai shagon kayan masarufi 'yar manhajar rubuta ciniki da bashi, na cika ta da wannan dabara. Ba ta taɓa tsayawa ba, yana ta yabona. Sai bayan mako uku muka gano ba ta ajiye komai tun ranar da ma'adanar wayarsa ta cika. Jan rubutun da na toshe wa baki shi ne kaɗai zai gaya mana a ranar farko. Har yau in na haɗu da mutumin a kasuwa sai in ji kunya ta rufe ni.

Dabbar da ta kwanta jan rubutu ce. A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyukan Zamfara suka lura agwagi na ɓacewa. Ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, agwagwa ce fa. Agwagwa kuwa ita ce ke cusa baki cikin laka da kwatami tana tsintar tsakuwa, saboda haka ita ta fara haɗiye abin da ke ƙasa. Ba a jima ba yara suka fara amai da jijjiga suna mutuwa. A watan Maris na shekarar ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka ci karo da abin, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau duk bai yi aiki ba. Sai da aka gwada jini aka gano dalma ce. Farashin zinare ya tashi a duniya, mutane suka riƙa kawo duwatsu daga ramuka zuwa cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙa, ƙura na sauka a kan abinci da tabarma da hannun yara. Duwatsun na ɗauke da dalma mai yawa, irin wadda ke narkewa da sauƙi a cikin ciki. A Dareta da 'Yargalma, binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi tare da hukumomin Najeriya ya gano yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin huɗu. Jimillar yaran da suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ta haura 400.

Ga wani bayani da masu son na'ura za su fahimta. Ƙaramar na'urar gwajin jini da aka kai ƙauyukan, LeadCare II, iyakar abin da take iya karantawa maikurogiram 65 ne a kowace desilita ta jini. Jinin yara da yawa ya zarce haka, na'urar sai dai ta nuna cewa ya yi yawa, sai da aka riƙa sirka jinin kafin a sami adadi. Don ka gane girman abin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikurogiram 5 ya kamata a tashi a nemo inda dalmar ke fitowa, kuma babu wani adadi da aka sani ba ya cutarwa.

Ba Zamfara kaɗai ba. A Thiaroye-sur-Mer, wata unguwa a gefen Dakar ta Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda sana'ar fasa tsofaffin batura da tace ƙasar wurin don neman dalma. Can ma awaki da kaji ne suka fara mutuwa. A 2015 abin ya sake faruwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Buɗe taswirar wayarka ka duba inda muke. Faskari ta yi iyaka da Tsafe ta jihar Zamfara, daga 'Yankara taku kaɗan ne. Ƙanƙara ma ta jingina da Zamfara ta yamma. Sabuwa na maƙwabtaka da Birnin Gwari, inda haƙar zinare ba ɓoyayyen abu ba ne, Birnin Gwari kuma ta haɗa iyaka da Rafi ɗin da na ambata. Samarinmu na zuwa aikin rami su dawo da ƙura a kaya da takalmi. Dabbobi na ƙetare waɗannan iyakoki kullum, suna shigowa kasuwar Sheme da sauran kasuwanni, naman ya wuce har Kano da kudu. Dalma na taruwa a hanta da ƙoda da ƙashi, tana kuma fita a nono. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, an san abin da ake yi wa naka. Ko ka cire zancen zinare gaba ɗaya, batirin sola da na babur da na inbata yanzu babu ƙauyen da babu su, kuma mu masu waya mu ne muka fi kowa jawo su, don cajinmu ake nema.

Yadda aka shawo kan ta Zamfara shi ne ya fi komai koyar da ni. Akwai magani, ana kiransa succimer, kuma MSF ta ba dubban yara. Amma likitocin sun ƙi fara ba yaro magani a ƙauyen da ba a share ba, domin in ka wanke jininsa ka mayar da shi ƙasar da ta ba shi gubar, aikin banza ka yi. Saboda haka aka fara da fartanya da shebur da buhu. Kamfanin TerraGraphics na Amurka tare da mutanen ƙauyukan suka kankare saman ƙasar gidaje, suka binne ta a ramuka na musamman, suka zuba sabuwa, suna bi da na'urar hannu ta XRF wadda ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalmar cikin ƙasa da minti ɗaya. In maganin gaske da aka tabbatar da shi bai isa ba sai an kawar da tushen, ina ga yis?

Bagega, ƙauye mafi girma a cikinsu, ya zauna yana jiran kuɗin shara har shekara ta juya. Matasa irinmu ne, Hamzat Lawal da abokan aikinsa na Follow The Money, suka ɗauki maganar zuwa Twitter da Facebook da taken #SaveBagega, tare da matsin lambar wasu ƙungiyoyi, har gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a farkon 2013 aka yi aikin. Waya ce ta yi wannan. Ita ce kuma wayar da muke tura saƙon jiƙa yis da ita.

Inda yis zai iya amfani, da inda wayarka za ta fi shi

Ban ce a jefar da maganar yis ba. Wurinsa ruwa ne, inda aka gwada shi. Matatar da za a ɗora a bakin kwamin shayar da dabbobi ko a rijiyar da ke kusa da wurin wankin zinare abu ne da ya cancanci a gwada, da sharaɗin a san inda za a kai yis ɗin bayan ya cika da dalma, don a lokacin shi kansa guba ne. Muna da tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da cibiyar NAPRI a Shika, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina, da ta tarayya a Dutsin-Ma. Ɗalibin da ke neman abin bincike ga shi nan, da ruwanmu da awakinmu. Sai dai a lura, lissafin arahar da Amurkawan suka yi ya dogara ne da ragowar yis da kamfanonin giya ke zubarwa tan-tan. Mu nan ba mu da wannan, na buhun masu burodi muke saya, mafi yawansa kuma daga waje ake shigo da shi.

Abin da ya fi yis araha kuma aka tabbatar da shi tuni shi ne ciyarwa. Jikin da ke ƙarancin kalsiyam da ƙarfe ya fi tsotsar dalma, a mutum da dabba. Dabbar da ke samun gishirin lasa da harawa ba ta cika bin bola tana lasar abin da ta gani ba.

Ni abin da na fara yi shi ne fom. Na gina shi a KoboToolbox, kyauta ne, kuma yana aiki ba tare da intanet ba: ka cike, ya ajiye a waya, ranar da ka sami sabis ya tura. Dole ne ya zama haka a yankinmu. Duk wanda ke Sabuwa ko Faskari ko Ƙanƙara a watan Satumban 2021 bai manta lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar ba, har sai wajen ƙarshen shekarar. Manhajar da ba ta aiki sai da data ba tamu ba ce. Tambayoyin kaɗan ne: wace dabba ce, guda nawa suka kwanta ko suka mutu, wace rana, ta makance ko ta yi jijjiga, akwai tsohon batir ko wurin niƙan dutse ko bola a inda take kiwo, an yanka an ci, akwai yaro marar lafiya a gidan.

Abin da na ƙi sakawa ya fi wanda na saka ba ni wahala. Babu sunan mai dabba, babu lambar waya, babu tambayar shanu nawa gare shi, kuma wurin da ake nunawa a fili iyakarsa mazaɓa. A inda ɓarayin shanu ke neman labari, taswirar da ke nuna gidan wane da yawan garkensa kyauta ce ka miƙa musu. Haka kuma ba na son kowa ya ɗauki waya ya nufi ramin haƙa ko bakin daji don ɗaukar hoto. A yankinmu an san abin da ke samun wanda aka yi wa zargin infoma. Ka rubuta abin da ya faru a gidanku da unguwarku, ya wadatar.

Fom kuma ba ya warkar da kowa in babu mai karantawa. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka a sashen lafiya, akwai kuma malaman dabbobi a sashen gona. In kaji ko agwagi ko awaki suka mutu da yawa a unguwa ɗaya cikin mako ɗaya ba tare da an san dalili ba, su biyun ya kamata su ji, ba ɗaya ba, domin mai duba dabba ba shi ke gwada jinin yaro ba. Kuma akwai abin da manhaja ba za ta taɓa gyarawa ba. Mutumin da sa ɗaya ne jarinsa, in ya ga ya fara tangaɗi, wuƙa zai nema ba fom ba, kuma ban ga laifinsa ba. Muddin faɗin gaskiya na nufin asarar dabba ba tare da diyya ba, za a ci gaba da yankawa a ɓoye ana kai wa mahauta. Tun Yulin 2024 muna da ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo. In tana neman aikin da talaka zai gani a ƙasa, ga biyu: ɗan tallafi ga wanda ya kawo rahoton dabbar da ake zargi maimakon ya sayar da namanta, da na'urar XRF ko guda ɗaya ce a shiyyar Funtua wadda za a iya ɗauka a babur.

Na kira baffa ranar Juma'a don na ga an tura masa saƙon. Bayan gaisuwa na ce, "Baffa, don Allah kada a ɗura wa dabba yis ɗin nan." Ya yi dariya ya ce, "Yaro, yis ɗin da innarka ke rowarsa ko a fanke, shi zan ba akuya?" Sannan ya ce batirin masallacinsu ya mutu tun watan jiya, ya hana yara taɓawa, ya ɗora shi a kan katako a ɗakin ajiya ya kulle, yana jiran dillalin da ke zuwa daga Funtua ya karɓe shi a rufe yadda yake, ya rage musu kuɗin sabo. Ya ce in na tashi zuwa in taho masa da gishirin lasa guda biyu, na ƙauyen ya yi tsada.